Mutanen Birnin Benis Da Sunan Da Za Mu Kira Su

In malami ya zo kan ƙasar Italiya cikin darasin labarin ƙasa, abin da ya kan yi shi ne ya rataya taswira, ya nuna wa yara ƙasar nan mai siffar dogon takalmi wadda ta miƙe cikin Bahar Rum, sa'an nan ya lasafta musu biranenta na bakin ruwa, watau Jenowa da Nafoli da Benis. Yara su maimaita, su rubuta cikin littafi, a tashi. Amma ba a rasa wani yaro mai kaifin hankali wanda zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, mutumin Kano Bakano ne, mutumin Katsina kuwa Bakatsine. To, mutumin Benis fa, me a ke ce masa?" Mu da mu ke koyon aikin malanta, wajibi ne mu shirya wa wannan tambaya tun ba a yi mana ita ba. Gama malamin da ya yi ƙage don kada yara su ga kasawarsa, ƙagen nan zai bi yaran har su tsufa, su kuma su koya wa na bayansu. Mun zaɓi Benis cikin biranen nan uku domin ita ce ta fi kusa da mu, ko da ya ke yawancin mutanenmu na Fagam da Gwaram da Birnin Kudu ba su taɓa jin sunanta ba. Kayanta sun shigo ƙasar Kano tun zamanin kakanni, wasu ma suna nan cikin gafakar malamai har yau.

Bari mu fara da garin kansa. Benis tana can ƙuryar arewa ta wani reshen Bahar Rum da a ke kira Adiriyatik, cikin wani faffaɗan tafki na ruwan gishiri wanda dogayen tsibiran rairayi suka kāre daga igiyar bahar. An gina ta bisa ƙananan tsibirai wajen 118, gadoji fiye da 400 su ne suka haɗa su. Ƙasar wurin duk taɓo ce, ba ta ɗaukar gini, saboda haka magina su kan kafa dogayen turaku na itace dab da dab, su buga su har su nutse, kana su shimfiɗa dutse bisa kawunansu, su tayar da soro. Itacen da ya nutse cikin taɓo, inda iska ba ta taɓa shi, ba ya ruɓewa da wuri, shi ya sa soraye masu shekara ɗaruruwa su ke tsaye. Manyan hanyoyin garin ruwa ne. Wanda ya san yadda kogin ƙasar Gwaram ya kan cika da damina, har mutum bai iya zuwa kasuwar ƙetare sai da jirgin fito, to, ya kwatanta garin da haka a ke zaune cikinsa rani da damina, ko gawa a jirgi a ke kai ta makabarta.

Me ya kai mutane zama cikin taɓo, alhali ga tudu mai albarka kusa da su, tsakaninsu bai kai mil 3 ba? Tsoro ne. Wata al'umma ce da Rumawa su ke kira Veneti ta ke zaune bisa tudun nan tun kafin zamanin Annabi Isa, ƙasarsu kuwa a ke ce mata Venetia. Da mulkin Rum ya raunana, mayaƙa suka yi ta kwararowa daga arewa. A 452 Atila sarkin Hunawa ya ƙone biranensu, a 568 kuma, watau dab da haihuwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Lambardawa suka zo suka mamaye tudun. Sai mutane suka riƙa gudu zuwa tsibiran nan inda doki bai iya kai wa. A hankali sansanin masu gudu ya zama gari, garin ya ɗauki sunan ƙasar da aka baro.

A lura da wannan, gama shi ne tushen maganar: mutanen ne suka ba garin suna, sa'an nan daga baya aka koma aka cire wa mutanen sabon suna daga na garin. Da harshen Italiya garin Venezia ne, namiji ɗaya veneziano, mace veneziana, jama'a veneziani. Ingilishi su kan ce da garin Venice, mutuminsa kuwa Venetian. Wannan kai da komowa ba baƙo ba ne gare mu. In mutum ya zaga birnin Kano ya kan ji unguwa a na ce mata Agadasawa, wata Daurawa, wata Gobirawa. Da fari sunayen baƙi ne waɗanda suka sauka wurin, yanzu kuwa sunayen wuri ne, har a kan ce wane ɗan Agadasawa ne, ko da kakansa bai taɓa ganin Agadas ba.

Kusa da mu ma akwai misalin da ya fi wannan kama da na Benis. Wajen 1846, zamanin Sarkin Kano Usman, Malam Hamza da wasu malamai suka tashi daga Tsakuwa saboda jayayya kan haraji, suka shige duwatsun Ningi inda dawakin Kano ba su iya hawa. Can suka tarad da Butawa da Warjawa da Fa'awa, suka haɗa kai da su, aka kafa sarauta. Duk taron nan, Bahaushe da wanda ba Bahaushe ba, suna guda ya rufe su, watau Ningawa, sunan da tsofaffin Gwaram da Birnin Kudu suka gāda da tsoro saboda hare-haren da aka sha a ƙarni na 19. Waɗannan dutse ya tsare su, waɗancan ruwa. Ko wannensu wahala ce ta tara shi, suna kuwa ya biyo baya.

Mutanen Benis ba su da gona, sai gishiri da kifi, don haka suka ba da ƙarfi ga fatauci. Suka zama su ne dillalai tsakanin Turai da ƙasashen Musulmi. Jiragensu su kan tafi Iskandariyya da Bairut da Istambul da Tunas, su sayo barkono da kanumfari da citta da alharini da auduga, su kai wa Jamusawa da sauran mutanen arewa. Sarkinsu, wanda su ke kira Doje, zaɓensa a ke yi, ya zauna bisa gado har ya mutu, amma ɗansa bai gāje shi, majalisar manya kuwa ta ɗaure masa hannu ƙwarai. Da haka suka riƙe kansu wajen shekara 1,000, har Nafoliyon na Faransa ya rushe mulkin a 1797. Daga nan suka faɗa hannun Ostiriya, sai a 1866 aka haɗa su da Italiya. Watau mutum ya daɗe yana Babenishe kafin ya zama ɗan Italiya, kamar yadda kakanninmu suka daɗe suna Kanawa kafin a yi Nijeriya.

Sunan kuwa ba kyauta a ke samunsa ba. Baƙon da ya zauna garin bai isa ya yi fatauci a ƙasashen waje da sunan Benis ba, ko ya sa kayansa cikin jiragen hukuma kamar ɗan gari, sai ya yi shekara 25 yana zaune yana biyan haraji, ko da ya ke a kan rage in annoba ta ci mutane. Mu a nan mun fi su sauƙi. Baƙo ya sauka, mai gari ya ba shi gona, ya yi aure, kafin 'ya'yansa su isa kaciya an daina kiransa baƙo.

To, yanzu mu zo ga sunan da ya fi shafar almajiri. Larabawa sun san mutanen nan tun kafin Ingilishi su san hanyar gabas, suna kuwa da sunan da su ke kiransu. Garin su kan ce masa Albunduƙiyya, mutum ɗaya Bunduƙi, jama'a Banadiƙa. Masana harsuna sun ce daga bakin Girkawan Rum ta gabas suka ji shi, waɗanda su ke cewa Venetikos. Balarabe ba shi da harafin nan na farko, kamar yadda mu ma ba mu da shi, sai ya mai da shi ba. Duba yadda Turkawa su ke cewa Venedik, Jamusawa Venedig, za ka ga ƙasusuwan kalmar guda ne, nama ne ya bambanta. A 1284 Benis ta fara buga kuɗin zinariya da a ke kira dukat, nauyinsa giram 3 da rabi, watau bai cika miskali ɗaya ba. Ba su taɓa gauraya shi ba har mulkinsu ya faɗi, shekara fiye da 500. Saboda wannan amana, attajiran Masar da Sham suka yarda da shi, suka riƙa kiran kuɗin nan bunduƙi, sunan mutum ya koma sunan kuɗi. Wani sashe na zinariyar kuwa daga ƙasashenmu na yamma ya fito, raƙuma suka ƙetare Sahara da shi zuwa bakin bahar.

Duk wanda ya karanta Larabci, da jin Bunduƙiyya sai hankalinsa ya tafi ga bindiga, gama da Larabci bindiga ma bunduƙiyya ce, harafi da harafi. Daga nan muka samo tamu kalmar, mutanen gabashin Afirka suka sami bunduki, mutanen Hindu suka sami banduk. A nan ne ramin da malami ya kan faɗa. Abu ne mai daɗin faɗi a gaya wa yara cewa bindiga daga Benis ta fito shi ya sa ta ke da sunan garin, yara kuwa ba za su manta ba. An daɗe a na faɗin haka, amma yawancin masana ba su yarda ba. Abin da suka fi ƙarfafawa shi ne wannan. Akwai wani ɗan itace mai ɓawo, kamar ƙwayar gurjiya girmansa, wanda ya ke fitowa a gaɓar Baƙin Bahar, a ƙasar da Girkawa su ke kira Fontus. Girkawa suka sa masa sunan ƙasar, Larabawa suka karɓa suka ce bunduƙ. Da maharba suka riƙa murza yumɓu kamar girman ɗan itacen nan suna harbin tsuntsu da shi daga baka, sai aka ce da ƙwayar yumɓun bunduƙ. Da albarushi ya zo, ƙwayar darma ta gāji sunan, abin da ya ke jefa ta kuma ya zama bunduƙiyya. Ashe ba garin ne ya haifi kalmar ba, harsashi ne. Kalmomi biyu ne daga gida biyu suka zo suka yi kama, kamar yadda mu ke da gari na zama da gari na tuwo. Bindigogin da labarinsu ya fi tabbata a wannan yanki ma ta hannun Turkawa suka zo, zamanin Mai Idirisu Aloma na Barno, a ƙarni na 16.

Akwai kuma ta uku mai kama da su, ita kuwa tana nan zaune cikin birnin Kano. Masaukin fatake da Larabci funduƙ ne, asalinsa wata kalmar Girkanci mai ma'anar gidan da ya ke karɓar kowa. Mutanen Benis suka ara suka ce fondaco. Suna da irin wannan gida a Iskandariyya inda a ke sauke su, a kulle ƙofa da dare. Su ma a garinsu suka yi wa Jamusawa nasu, a 1621 kuma suka ba fataken Turkawa wani. Kalmar nan ce ta biyo ayari ta zo Kano da alif da laminta, ta zama Alfindiki, unguwar da kowa ya sani. Mutumin Alfindiki da mutumin Benis, in da za su zauna su yi taɗi, sai su ga suna kiran masauki da suna guda.

Kayan da suka zo mana daga can fa? Wani Bajamushe, Barth, wanda ya ke kiran kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851, ya rubuta abin da ya gani a kasuwa. Cikin lissafinsa akwai duwatsun ado na gilashi daga Benis, da takarda mai alamar wata uku. Gilashin sana'ar tsibirin Murano ce, inda aka mai da dukan maƙeran gilashin garin a 1291 don gudun gobara. Takardar kuwa ita ce abin da mu ke so kowane ɗalibi ya gani da idonsa. In ka je hutu, ka roƙi wani tsohon malami ya buɗe maka gafakarsa, ka ɗauki warƙa ɗaya ta tsohon littafi rubutun hannu, da alwala in Alƙur'ani ne, ka ɗaga ta wajen hasken rana. Sau da yawa za ka ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar, babba da matsakaici da ƙarami, wani lokaci kuma wata mai fuskar mutum cikin garkuwa. Ba tawada ba ce, tun a wurin yin takardar aka saka alamar. A garuruwan tudu na bayan Benis a ke yin ta, waɗanda suka fi shahara da ita a ƙarni na 19 su ne gidan Galvani na Pordenone. Sun san Musulmi ne masu saye, shi ya sa suka zaɓi wata. Littattafai masu yawa na malaman Sakkwato da Kano da Barno bisa wannan takarda aka rubuta su.

Abin mamaki, su da suka gwanance wajen yi mana takarda, da suka gwada buga mana littafin sai suka kāsa. A Benis aka fara buga Alƙur'ani da Larabci a injin ɗab'i, tsakanin 1537 da 1538, aikin wani mai suna Paganini da ɗansa. Kurakurai suka yi yawa cikinsa, ba Musulmin da zai saya, har littafin ya ɓace ƙarni huɗu da rabi, sai a 1987 aka tsinci guda ɗaya a ɗakin littattafan wasu ruhubanawa a wani tsibirin garin.

To, in kaya sun zo haka, me ya hana sunan masu kayan ya zo? Dalili shi ne ba su ne suka kawo ba. Jirgi ya kan sauke a Tarabulus, daga nan Larabawan Gadamas su ɗora wa raƙuma, su biyo ta Gat da Abzin da Damagaram har Kano. Bahaushe mai kawo kaya ya sani, bai san mai yi ba. Larabawan nan su ne Kanawa suka fara kira Turawa, unguwar Dandalin Turawa tana shaida, tun kafin sunan ya koma kan mutanen Turai. Daga Kasuwar Kurmi kuma 'yan koli su ɗauko a kan jaki, su bi ƙauyuka har kudancin ƙasar Kano inda mu ke. Tsakanin maƙerin Murano da budurwar Fagam mai ɗaura dutsen a wuya akwai hannu wajen biyar, ko wane hannu kuwa sunan wanda ya miƙo masa kaɗai ya riƙe.

Saura mu ba yaron nan amsa. Hausa tana da hanya biyu. Ta fari a sa ba a gaba, a ƙare da e ko i ga namiji, da iya ko uwa ga mace, jam'i kuwa a yar da ba a ƙare da awa: Bakatsine, Bakatsiniya, Katsinawa, Bagobiri, Bagobira, Gobirawa, Bakano, Bakanuwa, Kanawa. In harafin ƙarshe t ne, ya kan koma c a gaban e, shi ya sa mu ke cewa Basakkwace amma Sakkwatawa. In s ne ya koma sh, kamar Bahaushe da Hausawa, Bafaranshe da Faransawa. Hanya ta biyu ita ce a ce ɗan wuri kaza, 'yar wuri kaza, 'yan wuri kaza, ko mutumin wuri kaza. In mun saurari bakin mutane, sai mu ga galibi ta fari tana faɗawa kan al'umma, ko kan garin da ya riƙe ƙasa da sarautarsa, ta biyu kuwa kan ko wane gari. Mu kan ce ɗan Fagam, 'yan Gwaram, mutanen Birnin Kudu. Mutumin nan guda, in ya je Ikko ko Kumasi, sai ya zama Bakano ko Bahaushe, gama can ba wanda ya san Fagam. Tun 1991 kuma, da aka yanke mu daga Kano, ya sami wani sunan, ɗan Jigawa.

Jigawa ma ta isa a tsaya a kanta kaɗan a aji, gama yara su kan zaci duk abin da ya ƙare da awa mutane ne. Jigawa ƙasa ce mai rairayi bisa tudu, kalma ɗaya ce, ba jam'i ba, ba kuwa wani Bajige a duniya. Haka Jenowa ta Italiya, kunnen Bahaushe ya kan ji ta kamar sunan kabila. In aka ce za a ƙara mata awa, harshe ya sarƙe. Gara a bar ta a kan 'yan Jenowa.

Amma Benis, a ganinmu, ta cancanci hanya ta fari. Ta yi shekara 1,000 tana ƙasa mai sarkinta da kuɗinta da jiragen yaƙinta, tana da karin harshenta dabam da na sauran Italiyawa, sunan kuma ya zauna a bakinmu ba tuntuɓe, bisa ƙa'idar da ta ba mu Bafaranshe. Saboda haka mu rubuta a allo: Babenishe, Babenishiya, Benisawa. A ƙarƙashinsa mu rubuta da ajami Bunduƙi da Banadiƙa, domin yaran da za su ci gaba da karatun littattafai su gane shi in sun gamu da shi cikin tarihin Masar. Mu kuma gaya musu a fili cewa mu ne muka gina kalmar bisa ƙa'ida, ba mu gāje ta daga tsofaffi ba. Wanda ya ce ɗan Benis bai yi kuskure ba, kada a rage masa maki.

In yaron ya sāke tambaya ko Benisawan suna da yawa, sai mu ce masa suna raguwa. A 1951 mutum wajen 175,000 ne su ke kwana cikin tsohon birnin, a 2022 ba su kai 50,000 ba. Ruwa ya kan hau titi, a 1966 ya tashi fiye da ƙafa 6 bisa ƙa'idarsa, ya shiga gidaje da kantuna. Masu yawon buɗe ido kuma sun sa hayar ɗaki ta fi ƙarfin talaka, gama mai gida ya fi samu in ya ba baƙon kwana uku. Sai samari su yi aure su ƙetare gada su koma tudu, garin Mestre da kewayensa, watau ƙasar nan da kakanninsu suka gudo daga cikinta shekara 1,500 da suka wuce. Hukumar birni guda ce ta ke riƙe da su duka, a takarda duk Benisawa ne, amma na cikin ruwa ba su cika yarda a kira na tudu da sunan ba.